Mai Awon Iska

Kakana hatsi ya auna da tiya a kasuwar Kwanni,
ni kuwa a Jidda iska nake aunawa,
da 'yar na'ura wadda tafin hannu ya ishe ta,
mai ido ɗaya tak: kore, ruwan ɗorawa, ja.

Safiyar Talata, hawa na sha huɗu, titin Tahliya.
Tagogin gilashi ne, ba a yi su don buɗewa ba.
Sabon kafet, sabon fenti,
warin gam ya kwanta lamo ƙarƙashin turare.
Manaja Nawwaf ya ce yaransa
kafin azahar kai ya sare su, ido ya yi nauyi,
ko dai lalaci ne?
Na ajiye ta kan teburin taro, na ce a ja ƙofa.
Mutum tara suna numfashi,
lamba tana hawa kamar kuɗin tumatir da azumi.
Na ce, ranka ya daɗe, ba lalaci ba ne,
abin da wannan ya fitar shi wancan ke haɗiya,
tamkar mai wanka da ruwan da wani ya fita.
A wanke matatar na'urar sanyi,
a buɗe bututun da ke shigo da iskar waje.
Ya sa hannu. Aka ba ni gahawa da dabino uku.

Da la'asar, gidan wata tsohuwa a Rawda,
jikarta Juwairiya wata biyu tana tari.
Kasko na ci, hayaƙin turaren wuta ya cika falo,
idon na'ura ya kaɗa ya yi ja.
Tsohuwa ta ce, ƙamshin uwata kake zagi?
Na ce, wane ni, Hajiya,
a turara, amma a ba hayaƙi hanyar fita.
Sai na janye kabad daga bango:
fumfuna baƙa ƙirin, faɗin darduma,
damshin teku ya yi mata reno a ɓoye.
Tsohuwa ta riƙe baki, ba ta ƙara magana ba.

Dare. Karantina. Ɗakinmu.
Mu shida, katifa biyar, ana karɓa-karɓa.
Sallau na soya albasa kan ƙaramin gas a gindin ƙofa,
Hashimu ya fesa maganin sauro ya rufe ko'ina,
kayan aikin Mati a rataye, suna tashin fenti da fetur,
na'urar sanyi tana ɗiga cikin bokiti tun bara.
Ashe na manta ban kashe ta ba.
Daga cikin jaka ta fara kuka,
ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsako a rijiya.
Na leƙa. Ja.
Jan da ban gani a hawa na sha huɗu ba,
jan da ya wuce na gidan tsohuwa.

Sallau ya ce, me take cewa?
Na ce, batir ne.

Shekara huɗu ina rubuta wa mutane takarda,
ban taɓa tambayar ɗakin da nake kwana ba.
Wanzami, an ce, ba ya son jarfa.

Ƙarfe biyu, tarin Mati ya tashe ni,
busasshe, mai kama da zarto a katako.
Na taka tsakanin ƙafafu,
na ɓamɓare kwalin da muka toshe taga da shi.
Bayanta bangon maƙwabta ne, kamu uku tsakani,
iskar da ta shigo ɗumi gare ta, da gishiri, da warin kwata.
Na zauna da na'ura a cinya, na rufe bakinta da yatsa.
Lamba ta sauka da goma. Ta tsaya. Ta sauka da bakwai.
Wa zan kai wa wannan takardar ya sa hannu?
Mai gidan yana Riyad, haya kawai ya sani.

Hashimu ya juya, ya ce cikin barci,
wa ya buɗe wa sauro?
Na ce, ni ne. Kwanta.